Yadda Ake Waldar Sanda Mataki-Mataki: Kalmomin Sana'a Da Hanyoyin Kare Kai

Tambayoyin masu koyon walda kusan iri ɗaya ne kullum: me ya sa sanda take manne wa ƙarfe, wace lamba ake sa inji, mene ne E6013 da ke rubuce a jikin kwali, me ya sa ido ke kwana yana zubar ruwa bayan aiki. Amsoshin a haɗe suke, domin shirin da ke fitar da walda mai ƙarfi shi ne dai yake hana mutum ƙonewa. Don haka an jera aikin nan yadda yake zuwa a hannu, kowace kalma a inda za ka buƙace ta, kowane gargaɗi kusa da abin da ya shafa. Maganar ta fi karkata ga waldar sanda ta lantarki a kan baƙin ƙarfe, sai ɗan bayani kan gas daga baya.

Mataki na 1: Gyara wuri kafin ka taɓa inji

Tartsatsin walda da na giranda, wato injin gurza da yanka ƙarfe, yana tafiya mita 10, wani lokaci fiye, kuma ba lallai ne ya kama a take ba. Ƙwaya ɗaya ta faɗa cikin tsumma mai maiƙo ko dusar katako, sai ta yi ta cin ciki shiru, wutar ta tashi bayan an kulle ƙofa. Kwashe fetur, fenti, tina, soso, kwali da tsummoki daga wannan tazarar. Abin da ba ya ɗaguwa a rufe shi da bargon wuta ko fallen kwano. Duba ƙarƙashin ƙofa da tsagar bango, nan tartsatsi ke bi ya sulale zuwa ɗakin da ba ka gani.

Ƙasa ta zama busasshiya. Abin kashe gobara mai hoda da bokitin yashi su kasance inda hannu zai kai, ba bayan tarin ƙarafa ba. Idan akwai masu wucewa ko masu aiki a gefe, a kafa labule ko allo, domin hasken walda yana cutar da idon mai kallo daidai da na mai yi.

Gargaɗi: hayaƙin walda ba ƙurar da ake sharewa da tari ba ce. A 2017 hukumar binciken cutar daji ta duniya, IARC, ta sanya shi cikin rukunin farko na abubuwan da ke jawo daji ga ɗan Adam. Iska ta riƙa ratsawa daga gefenka tana ɗauke hayaƙin, kada ta zo daga gaba ta tura maka shi ƙarƙashin garkuwar fuska, kuma kada ka ɗora kanka a saitin inda yake tashi.

Mataki na 2: Sutura da garkuwar fuska

Tufafi na auduga mai kauri, hannu dogo, wuya a rufe. Yadin roba irin nailan da foliyesta narkewa yake yi ya manne wa fata, ƙunarsa ta fi ta wuta zalla muni. Ƙafar wando ta sauka a kan takalmi, kada a cusa ta ciki, kada kuma a naɗe ta, domin naɗin aljihu ne na tara garwashi. Takalmi na fata mai rufe idon sawu, safar hannu ta fata mai tsawo, kuma a cire ashana da laita daga aljihu.

Baƙin gilashin garkuwa yana da lamba, kuma lambar na tafiya da ƙarfin wuta. Daga amfiya 60 zuwa 160, lamba 10 ta yi. Daga 160 zuwa 250, a hau 12. Waldar gas ba ta buƙatar duhu haka, lamba 5 ake yawan sawa. Tabaran rana ba ya cikin lissafi ko kaɗan, haka ma dabarar rufe ido a juya kai a ɗiga walda. A gaban baƙin gilashin akwai farin gilashi mai tare tartsatsi. Shi ne mafi araha a cikin kayan, kuma shi aka fi barin ya dushe har mutum ya daina ganin aikinsa ya fara leƙe ta gefe. Canza shi da zarar ya yi hazo. Idan garkuwar mai duhu da kanta ce, gwada ta a gaban haske kafin aiki. A nan ne araha ba ta ado: inda za ka tsuke kuɗi daban, ba kan garkuwa da safar hannu ba.

A ƙarƙashin garkuwar, sa farin tabaran kariya ka bar shi a fuska har ka tashi aiki. Yawancin abin da ke faɗa wa mutane a ido ba lokacin walda yake faɗawa ba, sai sa'ad da aka ɗaga garkuwa ana ɓare ɓawon da ke daskarewa a kan walda ko gurza ƙarfe.

Gargaɗi kan ciwon idon walda: hasken yana ƙona fatar saman ido ne, kuma zafin ba ya zuwa sai bayan awa 6 zuwa 12, shi ya sa yake tada mutum cikin dare kamar an zuba masa yashi. Yawanci yana lafawa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. A zauna a duhu, a ɗora tsumma mai sanyi a kan ido a rufe, kada a murza, kada a ɗiga komai da ba ma'aikacin lafiya ne ya ba da shi ba. Idan gani ya ragu, ko ana jin wani abu ya maƙale, ko an wuce kwana biyu, asibiti za a nufa.

Mataki na 3: Inji da wayoyinsa

Injin walda iri biyu za ka fi haɗuwa da su. Akwai tiransifoma mai nauyi, mai ba da wutar AC, akwai kuma imbata mara nauyi mai ba da DC, wadda ta fi sauƙin tayar da wuta ga mai koyo. Wayoyi biyu ke fita daga inji: ɗaya zuwa mariƙin sanda, ɗaya zuwa maƙalin da ake kama ƙarfen aiki da shi. Wuta na fita ta ɗaya ta dawo ta ɗaya. A injin DC, in ka sa mariƙi a alamar tarawa walda ta fi shiga cikin ƙarfe, in ka mayar da shi alamar ɗebewa ta fi dacewa da siririn falle da kake tsoron hudawa.

Maƙalin nan mutane ke rainawa. A kama shi a kan ƙarfe fes, wanda aka gurje tsatsa da fenti, kusa da inda za a yi walda. Idan riƙonsa ya yi sako-sako, wuta za ta yi ta yankewa, maƙalin ya yi zafi, kai kuma ka yi ta ƙara amfiya kana zargin inji. Kada a yi amfani da sarƙa, fayif ɗin ruwa ko guntayen rodi da aka jera a ƙasa a madadin waya. Wutar dawowa duk hanyar da ta samu bi take yi, har da boris na inji da wayoyin mota. In a jikin mota ne aikin, a cire batir, a sa maƙali dab da wurin.

A jikin inji za ka ga wani kaso, misali 60% a amfiya 200. Ma'anarsa a cikin kowane minti 10, minti 6 inji zai yi aiki a wannan ƙarfin, ya huta 4. In fitilar zafi ta kama, bar shi a kunne fankarsa ta sanyaya shi.

Gargaɗi: haɗarin lantarki ya fi yawa lokacin da ba ka walda. Wuta na ci, ƙarfinta bolt 20 zuwa 30 ne. Da ka ɗaga sanda, bakin mariƙi yana komawa bolt 50 zuwa 80. Ga busasshen hannu cikin safa wannan ba komai ba ne, amma ga mai jiƙe da gumi, ko wanda ke tsaye a danshi, ko ya jingina da ƙarfen aiki, ya isa kisa. Kada ka canza sanda da hannu tsirara, kada ka saƙale mariƙi a hammata, kada ka naɗe waya a jikinka. Wayar da ta ɓare a gyara ta kafin a kunna. Mai na'urar daidaita bugun zuciya kada ya kusanci aikin sai da izinin likita.

Mataki na 4: Zaɓen sanda

Sandar walda, ko ilektirod, ƙarfe ne a tsakiya da rufin hoda a waje. Rufin nan ba ado ba ne. Yana ƙonewa ya zama iskar da ke kare narkakken ƙarfe daga iskar waje, ragowarsa kuma ta taso sama ta daskare ta zama ɓawon walda.

Lambar jikin sanda tsarin Amurka ne. A E6013, lamba 60 na nufin ƙarfin ɗinkin, wato layin waldar da aka ja, ya kai fam 60,000 a kan kowane murabba'in inci. Lamba 1 na nufin ana iya aiki da ita a shimfiɗe, a gicciye, a tsaye da sama da kai. Lambar ƙarshe na nuna irin rufin da irin wutar da take so. E6013 mai sauƙin kai ce, tana ci da AC da DC, ɓawonta na ɓaruwa da wuri, ta dace da ƙofofi, tagogi da ƙananan ayyuka, sai dai ba ta shiga da zurfi. E6011 tana ratsa ƙarfe sosai ko da ɗan tsatsa. E7018 ita ce ta aikin ɗaukar nauyi, amma tana da sharaɗi: ba ta son danshi. Da an buɗe kwalinta, a tanda mai zafin kusan digiri 120 ake ajiye ta. Wadda ta sha danshi tana shigar da haidurojin cikin ɗinki, tsagar kuma ta fito bayan awanni ko kwanaki, lokacin da an riga an ɗora kaya. In ba ka da inda za ka adana ta a bushe, sayi ɗan ƙaramin kwali da za ka ƙarar a aikin.

Kaurin sanda kada ya wuce kaurin ƙarfen. Falle mai kauri wajen milimita 3, sanda mai milimita 2.5. Daga 4 zuwa sama, 3.2. Ƙarfe mara tsatsa da kas, wato ƙarfen zubi, kowanne da sandarsa.

Mataki na 5: Shirya ƙarfe

Rabin walda a nan take. Gurje tsatsa, fenti da maiƙo aƙalla faɗin yatsa biyu a kowane gefen haɗin har ƙarfe ya yi fari. Haɗi iri huɗu ne aka fi yi: baki-da-baki, mai siffar T, ɗaya kan ɗaya, da na kusurwa. A haɗin baki-da-baki, in kauri ya wuce milimita 6, a fere bakin kowane ɓangare digiri 30, su haɗu su yi kwari mai siffar V na digiri 60, a bar tsaga ta milimita 2 zuwa 3 a gindi. Ba tare da wannan ba walda a sama kawai za ta kwanta, ta yi kyau a ido, ciki kuwa ba a haɗe yake ba.

Gargaɗi kan giranda: ƙaramar giranda mai faifan milimita 115 tana juyawa wajen sau 11,000 a minti. Kada a cire murfinta don faifai babba ya shiga. Adadin juyawar da ke rubuce a jikin faifai kada ya gaza na inji. Faifan yanka siriri ne, ba a gurza da gefensa, fashewa yake yi. Faifan da ya faɗi ƙasa ko ya tsage a jefar. A zare filogi kafin a canza faifai, a matse ƙarfe a bayis, wato mamatsin ƙarfe na kan benci, a riƙe girandar da hannu biyu.

Gargaɗi kan abin da ke jikin ƙarfe: fayif da kwanon da aka yi wa rufin tutiya suna fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi, sanyi da ciwon jiki bayan 'yan awanni. Shan madara ba ya hana shi. A gurje rufin daga wurin walda, a yi aikin a sarari, a sa takunkumin tace hayaƙi mai alamar P2 ko P3. Tsohon fenti na iya ƙunsar dalma. Ruwan wanke birki da sauran masu wanke maiƙo da ke ɗauke da kulorin, in hasken walda ko zafinta ya same su, suna zama iskar guba mai suna fosjin. Kada a wanke ƙarfen walda da su.

Sai babban gargaɗin: duro, tankin mota, ko duk wani mazubi da ya taɓa ɗaukar fetur, gas, tina ko sinadari. Wanda ake cewa babu komai a ciki shi ya fi fashewa, domin tururin da ya rage ne ke kamawa, ba ruwan ba. Ɗauraya da ruwa ko shanya shi a rana bai isa ba, cokali kaɗan da ya maƙale a lungu ya isa ya cika duro da tururi in ya ji zafi. Wannan aikin masu kayan wankewa da na'urar gwada iska ne. Mai koyo ya ƙi karɓarsa. Haka kuma ba a walda a jikin wilin da taya ke kai, ko da an sace iskar.

Mataki na 6: Saita wuta, tayar da harshe

Ga E6013, sanda 2.5 na son amfiya 60 zuwa 90, sanda 3.2 na son 90 zuwa 130, sanda 4.0 kuma 130 zuwa 180. Abin da ke rubuce a kwali shi ne gaba da wannan. Fara daga tsakiya, gwada a kan guntun ƙarfe mai kauri ɗaya da na aikin. A tsaye ko sama da kai, rage kaɗan.

Sauke garkuwa, sanar da na kusa, sannan ka ƙyasta bakin sanda a kan ƙarfe kamar ashana ka ɗan ɗaga. Tazarar da ke tsakanin bakin sanda da ƙarfe ita ce tsawon harshe, kuma kada ta wuce kaurin ƙarfen cikin sandar. Sanda tana cinyewa, don haka hannu na tafiya gaba yana kuma sauka a lokaci guda. Wannan ne ke ba masu koyo wuya a makon farko.

In sanda ta manne, murɗa ta gefe da sauri. In ta ƙi, saki mariƙi daga jikinta kafin ta yi ja. Yawan mannewa na nufin wuta ta yi ƙasa, ko maƙali bai kama ba, ko sandar ta yi danshi.

Mataki na 7: Ɗigon riƙo da jan ɗinki

Ƙarfe na buɗewa da zafi, yana tsukewa in ya huce, kuma yana ja zuwa ɓangaren da aka yi walda. Shi ya sa ƙofar da aka auna daidai take fitowa a karkace. Matse aikin, ɗiga walda ƙanana a kusurwoyi, sake sa sukwaya ka auna gicciye biyu, sannan ka fara ja. Kada ka gama gefe ɗaya gaba ɗaya. Yi kaɗan nan, koma kishiyarsa, bar wuri ya huce.

Karkata sanda digiri 10 zuwa 15 zuwa inda ka dosa, kana jan ta, ba tura ta ba, don ɓawo ya zauna a baya. A haɗin T, sanda ta raba kusurwar biyu, digiri 45. Idonka kada ya tsaya kan hasken. Kalli ɗan tafkin narkakken ƙarfe da ke bayan sanda: ƙarfen yana sheƙi, ɓawon kuma ya fi duhu yana yawo a kansa. Muddin ɓawo ya sha gaban tafkin, za ka binne shi a ciki. Faɗin ɗinki ya kai kamar kaurin sanda sau biyu zuwa uku. A ƙarshen layi ɗan dakata ka cike ramin kafin ka ɗaga, domin daga wannan ramin tsaga ke farawa. In za a yi layi na biyu, sai an ɓare ɓawon na farko tas an goge da buroshin waya.

Mataki na 8: Karanta abin da ka yi

Bari ya ɗan huce, ɓare ɓawo da guduma mai tsini, kana bugawa nesa da fuskarka. Ɗinki mai kyau yana da zara-zaran layuka a jere, gefensa ya narke ya shige cikin ƙarfe ba tare da gaɓa ba.

Ɗinki siriri mai tudu kamar igiya an ɗora: wuta ta yi ƙasa ko gudu ya yi yawa. Kwari a gefen ɗinki, inda wuta ta zaizaye ƙarfe ba ta cike ba: amfiya ta yi yawa ko harshe ya yi tsawo. Ƙananan ramuka kamar saƙar zuma: datti, fenti, danshi ko dogon harshe. Fantsamar ɗigo ko'ina: wuta ta yi yawa. Huda: ƙarfe siriri ne, rage wuta, yi ɗigo-ɗigo. Baƙin abu a tsakiyar ɗinki: ɓawo ne aka binne.

Waldar da ta lalace ba a rufe ta da wata, ba a kuma ɓoye ta da fenti. A gurje har a kai ƙarfe mai kyau a sake. Kuma kada a tsoma aikin da zai ɗauki nauyi cikin ruwa don ya huce da wuri, yana sa wurin ya yi tauri ya tsage. Hanya mafi gaskiya ta gwada hannunka ita ce ka haɗa guntaye biyu, ka matse a bayis, ka yi ta bugu har ya lanƙwashe ko ya karye, ka duba cikin.

Mataki na 9: In aikin ya haɗa da gas

Tukwanen oksijin da asitilin a tsaye suke zama, ɗaure da sarƙa, nesa da tartsatsi. Asitilin a narke yake cikin wani ruwa a tukunyar, in an kwantar da ita ruwan zai biyo tiyo, don haka a tsayar da ita ta daɗe kafin a buɗe. Matsinsa a regileta kada ya wuce 15 a ma'aunin psi, wato kusan 1 a ma'aunin bar. Bawul ɗinsa kada a buɗe fiye da juyi ɗaya da rabi, a bar makullin a kai don rufewa da gaggawa. Tiyonsa ja ne, notinsa hagu yake ɗauruwa, na oksijin shuɗi ne ko kore, dama yake ɗauruwa. A sa makarin komawar wuta a layukan biyu. Ana neman yoyo da ruwan sabulu, ba da ashana ba.

Gargaɗi: maiƙo ko giris in ya haɗu da oksijin mai matsi yana kamawa da kansa. Kada a shafa wa regileta mai, kada a taɓa ta da safa mai maiƙo, kada a kakkaɓe tufafi da oksijin. Masu waldar MIG da TIG, wadda ake kare ɗinkinta da iskar tukunya, kuma su sani iskar agon da ake amfani da ita ba ta da wari, ta fi iska nauyi, tana taruwa a rami ko tanki ta kori iskar shaƙa. Ba a shiga irin wannan wuri sai an gwada iskar, da wani tsaye a waje.

Mataki na 10: Tashi daga aiki

Cire guntun sanda daga mariƙi, jefa shi a gwangwanin ƙarfe, kashe inji daga bango, rufe tukwane ka saki iskar da ta rage a tiyo. Ƙarfen da ya daina ja yana nan da zafin da zai ɗaye fata. Ɗauke shi da awartaki ko filaya, ka rubuta "zafi" da alli a jikinsa in za ka bar shi inda wani zai taɓa.

In an ƙone, a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi mai gudana minti 20, a cire zobe da agogo kafin kumburi, kada a shafa mai ko man goge baki. In lantarki ya kama mutum, a kashe wuta tukuna kafin a taɓa shi, kuma a kai shi asibiti ko da ya miƙe ya ce lafiyarsa lau.

Kada a kulle wuri da zarar an kashe inji. A zauna aƙalla minti 30, awa ɗaya in akwai katako ko silin a kusa, a zagaya a duba bayan allo, ƙarƙashin benci da ɗaya gefen bangon da aka yi aiki a jikinsa, ana shinshina ƙauri.